Ra'ayi: Jimmy Carter, dikin ɗin coci kuma tsohon soja, da darasin da ya bar wa masu sauka daga mulki

Duk matashin da aka haifa a Najeriya bayan shekarar 2008 bai taɓa ganin mai kurkunu a ƙasar ba, sai dai ya ji labari a bakin iyaye. Amma wanda ya haura shekara 40, musamman idan a karkara ya tashi, ya san yadda magidanci ƙaƙƙarfa ke kwanciya a gindin bishiya ana tsakiyar damina, ƙafa a kumbure, ana naɗe wata farar tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, gonarsa kuwa ciyawa na cinye ta.

Cikin mutanen da suka yi sanadin gushewar wannan masifa akwai wani Bature Kirista, manomin gyaɗa, wanda ba shi da dangin iya balle na baba a ƙasar nan. Shi ne Jimmy Carter, shugaban Amurka na 39, wanda ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100, a Plains, ɗan ƙaramin garin da aka haife shi a jihar Jojiya.

Da ya rasu an yi ta maganar Fadar White House da yarjejeniyar Camp David da kyautar Nobel da ya samu a 2002. Wani muƙami nasa kuwa bai samu ambato sosai ba, alhali shi ne ya fi daɗewa a kai. Carter dikin ne a cocin Baptis, kuma malamin darasin ranar Lahadi. Shugabancin ƙasa shekara huɗu kacal ya yi. Hidimar coci ta ɗauke shi tun yana matashi har ya haura shekara 90.

Wanda ke son fahimtar abin da ya sa tsohon shugaban ƙasa mafi ƙarfi a duniya ya ƙare rayuwarsa yana bin kududdufan ƙauyukan Afirka, to daga wannan ƙaramin muƙamin zai fara. Kuma akwai abin da masu riƙe da madafun iko a Najeriya, Musulminsu da Kiristansu, za su koya daga gare shi.

Mene ne dikin?

Kalmar ta samo asali ne daga harshen Girka, ma'anarta mai hidima. A littafin Ayyukan Manzanni an ba da labarin yadda aka zaɓi mutum bakwai a farkon ikilisiya domin su kula da rabon abinci ga matan da mazansu suka mutu, bayan wasu sun koka cewa ana nuna musu bambanci. Daga nan yawancin coci-coci ke ɗauko tushen wannan aiki.

Wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti ta zayyana irin mutumin da ya cancanta. A taƙaice, ya zama mai magana ɗaya, marar kwaɗayin ƙazamar riba, wanda ya iya riƙe gidansa da 'ya'yansa, kuma a gwada shi kafin a ba shi aikin. Dikin ba fasto ba ne. A cocin Baptis 'yan ikilisiya ne ke zaɓensa daga cikinsu, kuma ba albashi ake biyansa ba.

Carter ya ɗauki wannan ma'ana yadda take. A cocin Maranatha da ke Plains, inda ya koma bayan saukarsa daga mulki a 1981, yana cikin masu karɓa-karɓar yankan ciyawar haraba. Matarsa Rosalynn na cikin masu share-share, har da wanke banɗaki. Da yake ya iya aikin kafinta, shi ya sassaƙa gicciyen katakon da ke gaban cocin, shi ya yi farantan da ake karɓar baiko da su.

Cocin ƙarami ne, masu zuwa a kai a kai 'yan gommai ne. Amma duk Lahadin da Carter zai koyar, sai baƙi ɗaruruwa su cika gari, wasu su kwana a mota don su samu wurin zama. Cikinsu akwai waɗanda ba Kirista ba. A watan Agustan 2015 ya shaida wa duniya cewa an gano masa ciwon daji da ya kai hanta da ƙwaƙwalwa. Lahadin da ta biyo baya yana gaban aji yana koyarwa.

Inda aka gwada imaninsa

Zuwa coci a kudancin Amurka na wancan zamani ba abin a yaba wa mutum ba ne, don kusan kowa na zuwa. Masu hana baƙar fata shiga makarantu da gidajen abinci su ma ba sa fashin ibadar Lahadi. Abin da ya bambanta Carter ya fito ne lokacin da addinin da yake karantawa ya ci karo da al'adar mutanensa.

An haife shi ranar 1 ga Oktoban 1924. Ya tashi a ƙauyen Archery, a gidan da babu lantarki babu ruwan famfo a farkon ƙuruciyarsa, kuma yawancin abokan wasansa 'ya'yan baƙar fata ne masu aiki a gonar mahaifinsa. Mahaifin yana goyon bayan wariyar launin fata. Mahaifiyarsa Lillian, ma'aikaciyar jinya, tana shiga gidajen baƙar fata tana duba marasa lafiya ba tare da damuwa da abin da za a ce ba.

A shekarun 1950, bayan Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata a 1954, fararen fata a kudanci suka kafa ƙungiyoyin turjiya. An matsa wa Carter ya shiga ta garinsu, ya ƙi. Wasu suka ce za su biya masa kuɗin rajista, ya ƙi. Suka ƙaurace wa shagonsa na sayen gyaɗa da sayar da taki na wani lokaci, a daidai sa'ad da kasuwancin ke ƙoƙarin tsayawa da ƙafarsa.

A tsakiyar shekarun 1960 kuma cocinsu na asali ya kawo shawarar hana baƙar fata shiga ibada. Carter, yana dikin a lokacin, ya miƙe ya yi magana a kan a bar kowa ya shigo. Da aka kaɗa ƙuri'a, iyalansa ne da mutum ɗaya kawai suka goyi bayansa. Wannan rikici bai mutu ba, shi ya kai ga ɓallewar wasu iyalai suka kafa Maranatha a 1977. A 2019 cocin ya naɗa baƙar fata na farko a matsayin fastonsa.

Haka kuma a shekarar 2000 ya sanar da raba gari da babbar ƙungiyar cocin Baptis ta kudancin Amurka, wadda kakanninsa suka rayu a cikinta, saboda matsayinta a kan mata da kuma tsaurin da ya ga tana ƙara yi. Mutum na iya yarda da shi ko ya saɓa masa a wannan batu. Abin lura shi ne bai taɓa mayar da coci rumfar neman ƙuri'a ba. Yana shugaban ƙasa ya dage a kan raba harkar gwamnati da ta coci, abin da ya sa manyan masu wa'azi da dama suka juya masa baya suka bi Ronald Reagan a 1980.

Sojan da bai ɗokin yaƙi

Carter ya gama makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis a 1946, ya yi aiki a jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku. Daga baya aka zaɓe shi cikin matasan hafsoshin da Hyman Rickover ke horarwa domin sabbin jiragen da ke aiki da makamashin nukiliya.

A Disamban 1952 wata tukunyar nukiliya ta samu matsala a Chalk River da ke Kanada. Carter, yana da shekara 28, ya jagoranci wata tawaga cikin waɗanda aka tura aikin kwance ta. Saboda ƙarfin tururin guba, kowane mutum daƙiƙa 90 kawai ake ba shi ya shiga ya yi abin da zai yi ya fito. Shi ma ya shiga, bai tsaya daga waje yana ba da umarni ba.

Ya bar aikin a 1953 yana Laftanar, bayan rasuwar mahaifinsa, ya koma gida ya karɓi gona. Shekarar farko ta yi musu tsanani har suka zauna a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi.

Sanin abin da makami ke iya yi ya bi shi har fadar shugaban ƙasa. Washegarin rantsar da shi a Janairun 1977 ya yi afuwa ga dubban matasan da suka guje wa shiga yaƙin Biyetnam. Ya sa hannu a yarjejeniyar mayar wa Panama mashigin ruwanta duk da cewa hakan ya ja masa baƙin jini a gida.

Babbar jarrabawar ta zo a Nuwamban 1979, lokacin da ɗalibai a Tehran suka mamaye ofishin jakadancin Amurka. Amurkawa 52 suka kwashe kwana 444 a tsare. An yi ta zuga shi ya yi wa Iran ruwan bama-bamai, bai yi ba. Ya gwada aikin ceto a Afrilun 1980, aikin ya wargaje a hamada, sojoji takwas suka mutu, ya fito ya ɗauki alhakin da kansa. Ya sha kaye mummuna a zaɓe, jihohi shida kawai ya ci da birnin Washington. An saki mutanen 'yan mintuna bayan rantsar da Reagan, dukkansu da ransu.

Abokan hamayya sun kira wannan rauni. Amma waɗanda suka ga abin da mamayar Iraƙi ta 2003 ta haifar, mamayar da Carter ya fito fili ya yi adawa da ita tun kafin a fara, suna da hujjar sake auna wane ne mai rauni tsakanin shugaban da ya haƙura ya faɗi zaɓe da wanda ya kunna wutar da har yau ba ta gama mutuwa ba.

Shekara 77 a gida ɗaya

Ya auri Rosalynn Smith ranar 7 ga Yulin 1946. Sun haifi 'ya'ya huɗu, maza uku da mace ɗaya. Ta rasu ranar 19 ga Nuwamban 2023 tana da shekara 96, bayan shekara 77 da aure, mafi tsawo a tarihin shugabannin Amurka. A kan keken guragu aka kawo shi jana'izarta, wata tara bayan ya daina zuwa asibiti ya zaɓi a kula da shi a gida.

Auren bai rasa tangarɗa ba, kuma su biyun ba su ɓoye ba. Lokacin da ya yanke shawarar barin aikin soja bai shawarce ta ba. Ta yi fushi ƙwarai, don tana jin daɗin rayuwar da suka samu a wajen ƙauye, har ta ƙi yi masa magana a doguwar tafiyar komawa Plains. Daga baya ya amsa cewa bai kyauta ba. Ita ce ta riƙe littafin kuɗin kasuwancinsu, ita ce ta zama babbar mai ba shi shawara a siyasa, har tana zama a taron majalisar ministoci tana sauraro.

Sun sha faɗin ƙa'idoji biyu da suka riƙe: karanta Littafi Mai Tsarki tare kowane dare, da ƙin kwanciya barci da fushin juna. Da suka koma Washington, 'yarsu Amy makarantar gwamnati suka sa ta, wadda yawancin ɗalibanta baƙar fata ne, a garin da manya ke kai 'ya'yansu makarantun kuɗi.

Gidan da suka gina a 1961 shi suka koma a 1981, a cikinsa kuma dukkansu suka cika. A 2018 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa an ƙiyasta kuɗin gidan a kan dala 167,000, ƙasa da kuɗin motar sulke ta jami'an tsaron da ke gadinsa.

Kafin ya hau mulki ya miƙa kasuwancin gyaɗarsa ga amintattu domin kada a ce ya yi amfani da ofis ya azurta kansa. Da ya sauka sai ya tarar ana bin kasuwancin bashin kusan dala miliyan ɗaya, dole ya sayar. Ya ƙi shiga hukumomin gudanarwar manyan kamfanoni, ya ƙi bin hanyar tara dukiya da jawabai. Ya rayu da fanshonsa na tsohon shugaban ƙasa da kuɗin littattafai fiye da 30 da ya rubuta.

Daga 1984 shi da matarsa suka riƙa ware mako guda kusan duk shekara suna aikin gini da ƙungiyar Habitat for Humanity, inda suka sa hannu a gidaje fiye da 4,000 a ƙasashe 14. A Oktoban 2019 ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi. Kashegari yana Nashville riƙe da kayan aiki, ido a kumbure, yana da shekara 95.

Yaƙin da ya zaɓa: kurkunu

A 1982 suka kafa Cibiyar Carter a birnin Atlanta. A 1986 cibiyar ta ɗauki jagorancin yaƙi da kurkunu, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya.

Kurkunu ba shi da magani, ba shi da rigakafi. Mutum na kamuwa ne idan ya sha ruwan kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar. Bayan kimanin shekara guda, tsutsa mai tsawon da ya kai mita ɗaya ta huda fata, galibi a ƙafa. Zafin kamar wuta yake, sai mai ciwon ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zuba dubban 'ya'ya, cutar ta sake zagayowa. Fitar da ita kan ɗauki makonni, kuma sau da yawa tana kwantar da mutane ne a lokacin aikin gona.

Cuta ce ta wanda ba shi da rijiya. Ba ta zuwa birni, ba ta kama mai kuɗi, babu kamfanin da zai ci riba da ita. Carter ya fara ganinta ido da ido a wasu ƙauyuka kusa da Accra a Ghana a 1988, inda ya ga wata matashiya tsutsar na fitowa daga ƙirjinta. Ya sha ba da wannan labari har ƙarshen rayuwarsa.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar. Binciken da aka yi gari-gari a 1988 zuwa 1989 ya gano mutum fiye da 650,000. Makaman yaƙin kuwa masu sauƙi ne: ƙyallen tace ruwa, ɗan bututun tacewa da makiyayi zai rataya a wuya, maganin da ake zubawa a tafki ya kashe ƙwarin, rijiyar burtsatse, da hana mai ciwo shiga ruwan da jama'a ke sha.

Gaskiya ita ce ba Carter ne ya ɗaure ƙafafun marasa lafiya ba. Dubban 'yan sa-kai na ƙauyuka da ma'aikatan lafiya ne suka yi, tare da masana irin su Dokta Donald Hopkins a Atlanta da Dokta Emmanuel Miri da ya daɗe yana jagorantar ofishin cibiyar a Jos. Abin da Carter ya kawo shi ne sunansa. Da shi ya buɗe ƙofofin shugabannin ƙasashe da na kamfanonin da suka ba da kaya kyauta.

Ya kuma san cewa ɗan gida ya fi baƙo jin kunnen mutane. Ya jawo Janar Yakubu Gowon cikin aikin a ƙarshen shekarun 1990, kamar yadda ya jawo Janar Amadou Toumani Touré a Mali. Gowon ya riƙa bin ƙauyukan da cutar ta yi katutu, yana matsa wa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su cika alƙawarin haƙa rijiyoyi. A Sudan kuwa, a 1995 Carter ya shawo kan gwamnati da 'yan tawaye suka tsagaita wuta na kusan wata shida domin ma'aikatan lafiya su shiga inda yaƙi ya hana su zuwa.

An ga mai kurkunu na ƙarshe a Najeriya a Nuwamban 2008 a jihar Enugu. A Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da cutar, Ghana ta biyo baya a 2015. A duniya baki ɗaya mutum 14 aka samu a 2023, mafi yawansu a Chadi, inda cutar ta koma kama karnuka a gaɓar kogin Chari. Carter ya taɓa fatan tsutsa ta ƙarshe ta riga shi mutuwa. Bai samu haka ba, amma saura ƙiris.

Aikin bai tsaya a kurkunu ba. A jihohin Filato da Nasarawa cibiyar ta yi shekaru tana aiki da ma'aikatun lafiya wajen raba magungunan tundurmi da tsargiya da makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa. Ƙauyukan da suka amfana akwai na Musulmi, akwai na Kirista, akwai na masu addinin gargajiya. Ba a tambayi kowa addininsa kafin a miƙa masa ƙyallen tace ruwa ba, kuma cibiyar ba ta wa'azi ba ce. A yankin da aka sha zubar da jini da sunan addini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mutum tara yake bai cika goma ba

Yabon da babu gyara a cikinsa ba ya amfanar kowa. A yaƙin neman zaɓen gwamnan Jojiya na 1970, Carter ya yi zawarcin ƙuri'un masu ra'ayin wariya ta hanyar da shi kansa bai yi alfahari da ita daga baya ba, ko da yake a jawabin rantsuwarsa na 1971 ya shelanta cewa zamanin nuna bambancin launin fata ya wuce.

Yana shugaban ƙasa ya yi ta maganar haƙƙin ɗan Adam, amma gwamnatinsa ta ci gaba da bai wa Indonesiya makamai a lokacin da take murƙushe mutanen Timor ta Gabas. Ya yabi Shah na Iran a Tehran shekara guda kafin juyin juya hali ya kore shi. A zamaninsa aka fara tallafa wa mayaƙan Afghanistan a 1979, lamarin da ya yi tsawon wutsiya. A cikin gida hauhawar farashi ta haura kashi 13 cikin 100 a 1980.

Yarjejeniyar Camp David ta 1978 ta kawo sulhu tsakanin Masar da Isra'ila, amma ta bar Falasɗinawa a waje. Da alama wannan ya tsaya masa a rai. A 2006 ya fitar da littafi mai suna Palestine: Peace Not Apartheid, inda ya kwatanta halin da ake ciki a yankunan da aka mamaye da mulkin wariya. An yi masa caa, wasu mashawartan cibiyarsa suka ajiye muƙamansu, jam'iyyarsa ta nesanta kanta da shi. Bai janye ba. A 2008 ya je Damascus ya gana da shugaban Hamas Khaled Meshaal duk da adawar gwamnatin ƙasarsa.

Irin wannan tsayuwa ta shafi Najeriya ma. Carter abokin Olusegun Obasanjo ne tun ziyarar da ya kawo Legas a 1978, kuma a 1995 ya zo da kansa ya roƙi Janar Sani Abacha a kan Obasanjo da ke tsare. Amma a zaɓen Fabrairun 1999, wanda ya sa ido a kai tare da Colin Powell da tsohon shugaban Nijar Mahamane Ousmane, ya rubuta wa hukumar zaɓe cewa tazarar da ke tsakanin yawan masu zaɓen da suka gani da alƙaluman da aka bayyana a wasu jihohi ta yi yawa, don haka ba zai iya tabbatar da sakamakon ba. Abokinsa ne ya ci zaɓen. Shi kuwa ya san maguɗi tun 1962, lokacin da aka cika akwati da ƙuri'u har da na matattu domin a kayar da shi a takarar majalisar jiha, sai da ya je gaban alƙali ya ƙwato kujerarsa.

Darasi ga masu sauka daga kujera

Najeriya ba ta da ƙarancin shugabanni masu nuna addini. Ana ɗaukar hotonsu a sahun gaba a masallaci da kujerar gaba a coci, suna gina wuraren ibada da sunansu a jikin bango, suna biya wa magoya baya kujerun Makka da Urushalima. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me ya isa ga talakan da ba zai taɓa zaɓensu ba, wanda kuma ba addininsu ɗaya ba?

Sannan akwai batun rayuwa bayan mulki. Dokar fansho ta jihar Legas ta 2007 ta tanadar wa tsohon gwamna gida a Legas da wani a Abuja da sabbin motoci duk bayan shekara uku, jihohi da dama kuma suka kwaikwaya. A Zamfara sai da wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta neman a biya shi alawus ɗin naira miliyan 10 a wata ta fito fili a 2019, kafin majalisar jihar ta soke dokar. Da yawa daga cikin tsofaffin gwamnoni Majalisar Dattawa suke komawa, kamar babu wata rayuwa mai daraja a wajen gwamnati.

Wani zai ce kwatancen bai yi adalci ba, tunda Carter na da fansho mai tsoka da masu gadi da ƙasa mai tsari. Haka ne. Amma sauran tsofaffin shugabannin Amurka ma suna da waɗannan, kuma da dama cikinsu sun tara miliyoyin daloli da jawabai. Zaɓi ne ya yi. Gowon ma a Najeriyar nan yake, kuma ya nuna cewa tsohon shugaba na iya zama a kan tabarmar mai unguwa yana maganar ruwan sha.

Carter ya sauka yana da shekara 56, a kunyace, jama'arsa sun ƙi shi. Ya samu kusan shekara 44 bayan haka, ya zaɓi ciwo ɗaya da kowa ya raina ya bi shi har ya kusa ganin bayansa. A jana'izarsa ranar 9 ga Janairun 2025 shugabannin Amurka biyar, na lokacin da na baya, suka zauna a babban cocin Washington. Daga nan aka mayar da gawarsa Maranatha, aka binne shi kusa da matarsa a harabar gidansu.

Ayyuka irin na kurkunu ba su ƙare a arewacin Najeriya ba. Akwai cutar noma mai cin fuskar yara masu fama da yunwa, wadda asibiti guda a Sakkwato ya daɗe yana ɗauke da nauyinta. Akwai matan da yoyon fitsari ya raba da gidajensu. Akwai kwalara da ke dawowa duk damina saboda rashin tsabtataccen ruwa, da miliyoyin yaran da ba sa zuwa makaranta. Kowanne cikinsu na buƙatar mutum mai suna da zai riƙe shi shekara 20 ko 30, yana buga ƙofar gwamnoni, yana komawa ƙauye ya duba ko an cika alƙawari.

Tsofaffin gwamnoni da ministoci da janar-janar masu ritaya a ƙasar nan sun kai ɗaruruwa, kuma kusan dukkansu suna cewa su masu addini ne. Da kowane ɗaya zai ɗauki matsala guda a jiharsa ya tsaya a kanta har ƙarshen ƙarfinsa, da 'ya'yan da ake haifa yau za su tashi suna tambayar mene ne noma da yoyon fitsari, kamar yadda na yanzu ke tambayar mene ne kurkunu.